Hannuwan da Suka Yi wa Baba Ƙarya

Hannuwan Auta suna sama maganar ta shigo kunnenta, kuma a saman suka ƙame.

Jar fitilar kyamara na kunne. Shirin kai tsaye yake tafiya.

"Sai saƙo na gaba," in ji Dogo daga kan teburinsa, da muryar nan tasa mai hana 'yan mata tashi daga gaban talabijin. "Wani mai kallo yana cewa: Don girman Allah ku cire mana yarinyar nan mai korar ƙuda a kusurwar allo! Jiya ta rufe mana layin ƙarshe, ba mu ga wanda ya ci tsere ba. Gudu muka zo kallo, ba rawar bebaye ba."

Sai ya yi dariya.

Dariya fa! Har da buga tebur.

"To ai ni ma jiyan," ya ƙara da cewa, "hannuwa na ga sun zo na ɗaya."

Auta ta ji kamar an kwara mata ruwan zafi daga ka har ƙafa.

Ita ce yarinyar kusurwar allon. Tun da aka fara gasar wasannin duniya, gidan talabijin ɗinsu ya ɗauke ta tana mayar wa kurame magana da hannu, a ɗan akwatin da ke ƙasan allo ta dama. Da rana ta fassara sharhin wasa, bayan la'asar kuma ta fassara wannan shiri da ake karanta ra'ayin masu kallo. Dokar aikin guda ce, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ta san ta, don mahaifinta kurma ne: abin da aka faɗa shi za ki faɗa, ba ragi ba ƙari, ko da ke aka zaga.

Shi kuwa Dogo, mai gabatar da shirin, shi ne wanda manyansa za su zo gidansu neman aurenta da zarar an rufe gasar.

Ta san inda Baba yake a daidai wannan lokaci. Yana shagonsa na kafinta, ya ture allunan katako gefe, abokansa kurame sun jeru a kan benci, kowa ya zuba wa hannunta ido.

Hannun ya sauko da kansa. Wallahi ba ta san lokacin da ta yanke shawarar ba.

"Wani mai kallo yana godiya," ta faɗa da yatsunta, tana murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ya ce an kyauta da aka tuna da kurame. Mai gabatarwa ya ji daɗi, shi ya sa yake dariya."

Dogo ya wuce zuwa saƙon wani da ke ƙorafin talla ta yi yawa, wai ana tsakiyar dambe sai a yanke a nuna musu sabulu. Wata kuma ta ce me ya sa ba a nuna wasannin mata sai an gama. Auta ta fassara su duka daidai, ba ta ma san me take cewa ba.

Ana kashe fitila ta zare abin kunnenta ta fice.

A barandar ofis ya cim mata, bai ko cire makirufon da ke maƙale a rigarsa ba.

"Auta! Tsaya mana... Hasken idona, tsaya!"

Ba ta tsaya ba sai da ya sha gabanta.

"Wallahi ban karanta saƙon ba kafin a miƙo min. A kan allo na fara ganinsa, bakina ya riga tunanina."

"Dariyar ma miƙo maka aka yi?"



"Hannuwa sun zo na ɗaya..." Ta maimaita a hankali. "Wannan ma a rubuce yake?"

"Wasa nake, zumata. Kin san yadda shirin yake, idan ban yi raha ba..."

"Kar ka ƙara ce min zumata a nan."

Ƙarar takalmi ta taho daga bayansu, ƙwas ƙwas. Gimbiya ce, mai tace saƙonnin masu kallo kafin su isa teburin Dogo. An laƙaba mata sunan ne saboda ko jakarta ba ta ɗauka da kanta idan akwai namiji a kusa, kuma duk ginin an san a kan Dogo idonta yake.

"Ayya, ƙawata!" ta ce, ta dafa ƙirji. "Na ji babu daɗi. Amma ya zan yi? Ra'ayin jama'a ne. Irinsa sun cika waya, mai sauƙin ma na zaɓo."

"Mai sauƙin kenan?" in ji Dogo, ya juyo kanta.

"Ka ga, ni ban yi dariya ba," ta ce, ta wuce tana gyara mayafi.

Wannan kam ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ta fi komai cin rai.

Auta ta shiga motar haya ta zauna a lungu, ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Duk wanda ya kalle ta sai ta ga kamar ya gane ta. Abu ɗaya ta riƙe a zuciya tana lallashin kanta da shi: Baba dai bai ji ba. Baba bai sani ba.

Tana shiga gida ta san ta yaudari kanta.

Umma na zaune a bakin ƙofar kicin, ta yi tagumi. Yaya, babban wansu, yana tsaye a tsakar gida, fuskar nan kamar zai ci mutum. Baba kuwa yana kan kujerarsa da ya ƙera da hannunsa, garin katako a girarsa, bai ko wanke fuska ba.

"Sannu da zuwa, 'yar godiya," in ji Yaya.

"Yaya..."

"Kin san me ya faru a shago? Kina cewa an yi godiya, Baba ya miƙe tsaye yana kaɗa hannuwa sama, abokansa suka taya shi. Yana nuna ki yana buga ƙirji, wai 'yarsa ce! Sai ga wani da ya zo karɓar teburinsa yana ta dariya har da hawaye. Baba ya ɗauka murna yake taya shi, ya je ya rungume shi!"

Auta ta dafe bango.

"Mutumin ya ci gaba da dariya yana kwaikwayon korar ƙuda. Baba ya juyo ya tambaye ni me ake ciki. A gaban kowa! Me kike so in ce masa?"

"Ka faɗa masa?"

"Ni ban iya ƙarya da hannu ba. Wannan sai ƙwararru."

Ta durƙusa a gaban Baba, ta ɗaga hannu za ta fara magana. Ya riga ta. Yatsunsa masu kanta suka motsa a hankali, babu gaggawa, kuma rashin gaggawar ne ya tsorata ta.

"Zagi ba baƙona ba ne. Tun ina yaro ake yi min. Amma ke ce kunnena. Asibiti da ke nake zuwa. Kasuwa da ke. Yau kunnena ya yi min ƙarya."

"Baba, na ji tsoro ne kada ranka..."

"Raina kika kare, ko saurayinki?"

Ita ma ba ta sani ba.

"Tun yaushe?" ya ce. "Ranar da likita ya yi magana a kan ƙirjina, abin da ya faɗa kika gaya min?"

"Wallahi Baba! Wallahi yau ne kaɗai..."

Sai ya kau da kai, ya kalli bango.

Wanda bai zauna da kurma ba ba zai san nauyin wannan ba. Mai ji, ko ya juya maka baya, dole muryarka ta shiga kunnensa. Kurma idan ya ɗauke idonsa daga kanka, ya gama rufe maka baki. Auta ta yi ta magana da hannu, tana kuka, tana roƙo, duk a bayan ƙeyarsa. Umma ce ta zo ta kama hannuwan ta sauke su.

"Tashi, Auta. Bar shi ya huce."

"Kuma ki gaya wa mai dogon wuyan nan," Yaya ya ɗora, "kada manyansa su wahalar da takalmansu. Ba ma ba wanda yake dariya da ubanmu aure."

Washegari ba ta je aiki ba. Ta kashe waya ta shige ɗaki, ta ja labule. Ko shagon unguwa ta kasa zuwa, don yaran layi sun riga sun koyi korar ƙuda.

Dogo ya zo da yamma. Daga ɗaki ta jiyo muryarsa a ƙofar gida, ta jiyo ta Yaya ta danne ta.

"Malam, an rufe shirin nan gidan. Ka je ka karanta saƙo."

"Yaya, minti ɗaya kawai..."

"Ni ba yayanka ba ne!"

Aka buga ƙofa. Auta ta cusa fuska a filo. Abin haushin, tana jin zafinsa, kuma tana so ta leƙa ta taga ta ga ko ya rame. Zuciya dai ba ta da kunya, ita ce mai kunyar.

Da ta kunna waya bayan kwana biyu, kiran farko da ya shigo na Gimbiya ne.

"Ƙawata, ya jiki? Na ce bari in gaya miki kada ki ji a bakin duniya. Shugaba ya cire akwatin. Na haɗa masa ƙorafin masu kallo ya gani da idonsa, ya ce tunda ma ba kya zuwa, a huta."

Gimbiya ta ci gaba.

"Shi ma Dogo ya samu sauƙi, wallahi. Kin san mutum mai tasowa, ba ya son abin da zai riƙa ja masa magana. Jiya ma tare muka ci abinci, ya ce..."

Ta katse kiran. Ta san rabin maganar ƙarya ce, amma ba ta san wane rabin ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai yana falo. Baba ya daina kallo a shago, don ya kasa haɗa ido da abokansa. A gida yake zama gaban talabijin, shi da yake son gasar nan kamar me. Mutumin da zai bar aiki don ya ga masu ɗaga ƙarfe, ya yi ta musu da hannu a kan wanda ya iya ninkaya da wanda ruwa kawai yake duka. Yanzu allon ya cika fal babu akwati, mutane na gudu, bakin masu sharhi na motsi, shi kuwa yana zaune bai san wace ƙasa ce ta ci ba sai an ɗaga tuta.

An kori wani ɗan tsere kafin a fara gudu. Baba ya ɗaure fuska, bai gane dalili ba. Da can, kafin ya juyo ma ta ba shi amsa.

Auta na tsaye a bakin ƙofa, hannunta har ƙaiƙayi yake.

Baba ya juya ya taɓa Yaya.

Yaya, da maganar hannunsa ba ta wuce ta ci da sha da "ina kwana" da 'yan abin da ba a rasa ba, ya yi ta dama-dama. Ya nuna ƙafa, ya nuna agogo, ya ɗaga kafaɗa. Baba ya gyaɗa kai kamar ya gane. Bai gane ba.

Ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Ana saura kwana kaɗan a rufe gasar, bayan la'asar, Umma ta ƙwala mata kira.

"Auta! Fito ki gani!"

Dogo ne a allo, amma ba Dogon da aka sani ba. Babu murmushi, babu wasa da biro. Ya ture kwamfutar saƙonnin gefe.

"Kafin in karanta ra'ayin kowa yau, zan faɗi nawa," yake cewa. "Kwanakin baya na karanta saƙon da bai kamata a karanta ba, na yi dariya, na kuma ƙara da nawa. Mai saƙon yana da gaskiya a abu ɗaya, akwatin ya rufe layin ƙarshe. Wannan laifinmu ne da muka ajiye shi a wurin, ba laifin wadda ke ciki ba. Sauran maganar cin mutunci ce, kuma ni na fi shi laifi. Akwai masu kallon da muka rufe musu gasar gaba ɗaya, ba layin ƙarshe kawai ba, kuma su ba su da yadda za su bugo waya su yi ƙorafi. Ina ba kurame haƙuri. Na gaya wa shugabanni, in ba a mayar da akwatin ba, wannan ne shirina na ƙarshe."

Umma ta share ido da gefen zani. Yaya ya ja tsaki, amma ƙaramin tsaki.

Auta kuwa Baba take kallo.

Yana zaune ya ƙura wa bakin Dogo ido. Ga mutum yana ba kurame haƙuri a gaban duniya, kuma babu kurma ko ɗaya da ya san me yake cewa! Wannan wauta sai Dogo. Da ba a cikin baƙin ciki take ba, da ta yi dariya.

Baba ya taɓa Yaya. "Me ya ce?"

Yaya ya sosa ƙeya, ya haɗa abin da ya iya. "Ya ce... haƙuri."

"Bakinsa ya daɗe yana motsi. Haƙuri kawai?"

Yaya ya ɗaga kafaɗa.

Baba ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce wa Yaya, ba tare da ya dubi inda take ba, "Kira shi. Gobe da safe."

Dogo ya zo cikin fararen kaya, ya cire takalmi tun daga soro. Ya rame, ta gani ta cikin labule, kuma ta ji haushin kanta da ta ji daɗin hakan. Ya durƙusa a gaban Baba, ya kasa ɗaga kai. Yaya ya tsaya a jikin ƙofa ya harɗe hannu. Umma ta shige kicin, ta bar ƙofar a buɗe yadda ba abin da zai wuce ta.

Baba ya buga hannun kujera sau biyu. A gidan, haka yake kiran Auta.

Ta fito. Karon farko tun ranar, ya dube ta cikin ido.

"Zauna a tsakiya. Za ki yi aikinki. Abin da ya faɗa ki ba ni, abin da na faɗa ki ba shi. Duka."

"To, Baba."

"Ce masa ya maimaita saƙon."

Ta juya, ba ta kalli fuskar Dogo ba, maɓallin rigarsa ta kalla. "Ka maimaita saƙon."

"Auta, don Allah..."

Ta mayar wa Baba da hannu: Auta, don Allah.

Dogo ya gane ba da ita yake magana ba yanzu. Ya fara. Mai korar ƙuda. Layin ƙarshe. Rawar bebaye. Kowace kalma ta fito daga bakinsa da ƙyar, ita kuma ta ɗauke ta ta miƙa wa mahaifinta da yatsunta. Da ta zo kan "mai korar ƙuda" sai da ta nuna kanta, don haka maganar take. Hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa.

"Sai kuma naka," in ji Baba.

"Na ce... na ce hannuwa na ga sun zo na ɗaya."

Ta fassara.

Baba bai motsa ba. "Me ya ba ka dariya?"



"Tsoro, Baba," in ji Dogo. "Masu kallo idan suka tasa mutum gaba ba sa barinsa. Na saba duk wanda suka zaga in taya su dariya, don kada su juyo kaina. Na yi wa masu sharhi, na yi wa 'yan wasan da suka faɗi. Ranar nan abin ya zo kan wadda nake so fiye da kowa, kuma bakina ya yi abin da ya saba. Ba ni da wata hujja."

Sai da ta zo kan "wadda nake so fiye da kowa" hannunta ya yi tuntuɓe. Baba ya ɗaga gira. Ta maimaita shi daidai, fuskarta kamar ta kama da wuta.

Daga nan Baba ya fara magana, ita kuma ta zama muryarsa. Mai fassara ba ya cewa "ya ce". Da bakin mai maganar yake magana, kamar shi ne.

"Kai matsoraci ne," ta ce wa Dogo, da muryarta, tana kuka. "Dogo har rufi, zuciya ta ɗan tsako."

"Haka ne, Baba."

"Kuma ba ka da wayo. Ka ba kurame haƙuri da baki."

Daga kicin aka jiyo Umma ta shaƙe da dariya, ta mayar da ita tari.

Hannun Baba ya ci gaba, sai Auta ta ga ya nuna ta. Ta buɗe baki.

"Wannan 'yar tawa kuma... ta fi ka laifi a wurina. Kai ka yi dariya a gaban mutane. Ita ta mayar da ni abin dariya. Ta ga kamar ubanta ba zai iya ɗaukar magana ba, ta tauna min ita kamar jariri. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma a hannun wadda na fi yarda da ita."

Ta faɗe shi duka. Ba ta rage ko kalma ba. Da ta gama, ta ji kamar an sauke mata wani kaya, ko da yake kanta ya ƙi ɗaguwa.

Baba ya sa yatsa ya ɗago haɓarta, don ta ga abin da zai ce. Wannan nata ne ita kaɗai.

"Yanzu kin dawo kunnena."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi, yana ɗan bubbuga bayanta da tafin nan nasa mai kaushi. Can ya taɓa kafaɗarta. Aiki bai ƙare ba.

Ta share fuska ta gyara zama.

"Tunda kai ne mai karanta ra'ayin masu kallo," ta faɗa da bakin Baba, "ga nawa, ka kai musu. Akwatin ku mayar da shi sama ta hagu, babu mai gudu a sararin sama. Mai kyamararku kuma ya daina nuna mana 'yan kallo masu fenti a fuska ana tsakiyar tsere, ƙafafu muke so mu gani. Kuma duk wanda ya ƙara yanke ɗaga ƙarfe ya sa tallar sabulu, Allah ya isa."

"Zan kai, Baba. Wallahi zan kai!" in ji Dogo, yana dariya yana share ido. "Sun ma yarda za a mayar, ita kawai ake jira."

"Mai zaɓo maka saƙon fa?" in ji Baba.

"An mayar da ita sashen talla."

"Can ya dace da ita," in ji Yaya daga bakin ƙofa, karon farko da ya sa baki.

Baba ya gyara zama, ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya dubi Dogo sama da ƙasa kamar yana duba katakon da zai saya. Sannan hannunsa ya motsa, gajeriyar magana.

Auta ta gani.

Bakinta ya ƙi buɗuwa.

Dogo ya dubi Baba, ya dube ta. "Me ya ce?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Auta, me ya ce? Korata ya yi?" Muryarsa ta karye. "In korata ya yi ki faɗa min, zan iya ɗauka..."

Ta juya wajen Yaya da idon roƙo. Yaya ya gane maganar sarai, wannan kam ba ta fi ƙarfinsa ba, amma sai ya ɗaga kai yana nazarin silin.

"Umma..." ta kira a hankali.

"Ni ina aiki!" in ji Umma daga kicin, inda ko cokali ba ya motsi.

Baba ya buga hannun kujera. Idonsa na dariya, fuskarsa a ɗaure.

"Duka, na ce."

"Baba, wannan kam... don Allah..."

"Za ki sake rage min magana?"

Ta girgiza kai da sauri. Ta runtse ido, ta damƙe gefen mayafinta, ta juya wajen mutumin da ke durƙushe yana jiran hukunci. Muryar da ta fito ƙarama ce ƙwarai.

"Ka turo manyanka..."

"Na'am? Ban ji ba."

Wallahi ya ji!

Ta buɗe ido ta harare shi cikin hawaye, ta ɗaga murya yadda har kicin za a ji.

"Na ce ka turo manyanka. Na ba ka ita!"